Raba Yara Bisa Iyawarsu a Darasin Karatu da Lissafi: Fa'idodi da Illoli

Tun da aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya a Nijeriya a 2004, kowane yaro yana da haƙƙin shekara tara a makaranta kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ajujuwa sun cika, amma iyaye da yawa sun gane cewa zaman aji daban, iya karatu daban. Sai ka ga ɗan aji shida an miƙa masa takardar asibiti ya karanta wa kakarsa, ya tsaya yana lalube. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Cikin dabarun da ake gwadawa don magance wannan akwai wadda ake kira TaRL, wato koyar da yaro daidai da matakinsa. Ƙungiyar Pratham, wadda aka kafa a Mumbai ta Indiya a 1995, ita ce ta ƙirƙiro ta, bayan ta lura cewa kusan rabin 'yan aji biyar a ƙauyukan Indiya ba sa iya karanta littafin 'yan aji biyu. Daga can dabarar ta ƙetaro zuwa Zambiya da Kwaddibuwa, ta shigo Borno a 2018, sannan aka gwada ta a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA.

Ga yadda ake yi. Malami zai zaunar da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci ya gwada shi da baki: ya san haruffa? Yana haɗa kalma? Yana karanta sakin layi, ko har labari? A lissafi kuma a duba ko ya san lambobi, ko yana ɗebewa, ko yana rabawa. Daga nan sai a ajiye batun aji da shekaru na wani lokaci a kowace rana, a haɗa masu mataki ɗaya a rukuni ɗaya. Wanda ya ƙware a matsar da shi gaba nan take. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari, domin a can ma ba a wanke allo sai an iya, kuma ba a shiga farfaru sai an gama babbaƙu.

Fa'idodi

Babbar fa'idarta ita ce tana tarar yaro inda ya tsaya. Manhajar aji biyar an rubuta ta ne don yaron da ya mallaki abin da ke aji ɗaya zuwa huɗu. Wanda ciwo ko aikin gona ko gudun hijira ya raba shi da makaranta lokacin da ake koyon haruffa, duk darasin da ya biyo baya wuce shi yake yi. Yana kwafar abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, amma bai san me ya rubuta ba. Wannan dabara tana komawa da shi daidai gurbin da ya rasa, ta cike masa shi.

Fa'ida ta biyu, an gwada ta an ga amfaninta. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun shafe shekaru suna auna ta a jihohin Indiya. A Uttar Pradesh, inda aka riƙa yin zangon karatu na 'yan kwanaki ana maimaitawa, yawan yaran da ke iya karanta sakin layi ko labari ya ninka na makarantun da ba a yi ba. A yammacin Kenya ma, binciken da Duflo da Pascaline Dupas da Kremer suka yi ya nuna cewa raba yara bisa iyawarsu ya amfani na gaba da na baya gaba ɗaya, domin malami ya samu damar daidaita bayaninsa da waɗanda ke gabansa.

Ta uku, ba ta da tsada. Tsinkaye da ake ɗaurewa goma-goma sun isa a nuna wa yaro dalilin da ya sa ake aro a ɗebewa. Katin haruffa, alli da dandaɓe sun isa a gina kalma. Makarantar ƙauye da ba ta da wutar lantarki, balle kwamfuta, za ta iya yi.

Ta huɗu, tana buɗe idon malami da hedimasta. Kafin gwajin, malami zai ce yaransa ba su da ƙoƙari, ya tsaya nan. Bayan gwajin ya san su waye ba su san harafi ba, su waye suka maƙale a haɗa gaɓa. Uba ma idan ya zo zai samu amsa mai ma'ana game da ɗansa. Kuma a inda ake farawa da Hausa, yaro yana koyon karatu cikin harshen da yake tunani da shi, wanda yawanci yadda ake furta shi haka ake rubuta shi.

Illoli

Illa ta farko tana zuciyar yaro. Ɗan shekara goma sha uku da aka zaunar da shi tare da ƙannensa suna koyon haruffa, kowa ya san dalili. Yara ba sa rufa wa juna asiri, nan da nan za a laƙaba wa rukunin suna, a ce ajin daƙiƙai ne. Budurwar da ake maganar aurenta a gida, wannan kunyar za ta iya zama dalilin da za ta daina zuwa. Idan kuma malami ya yi sakaci bai sake gwaji ba, rukunin da aka yi don 'yan makonni sai ya zama mazaunin yaro na dindindin.

Ta biyu, tana karo da manhaja. Lokacin da aka ware mata daga wasu darussa ake yanko shi, alhali jami'in da ke zuwa duba aiki tambayarsa ita ce ko an gama manhajar zango. Wannan ya faru a Indiya: a jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malamai an raba kayan aiki, amma da aka bar su cikin jadawalin da suka saba sai suka koma bin littafin aji, ba a ga wani ci gaba daga aikinsu ba. Sai a Haryana, inda aka keɓe sa'a guda a kullum aka kuma sa jami'an gwamnati suna zagayawa suna taimaka wa malamai, aka samu sakamako.

Ta uku, nauyi ne a kan malami. Gwada yara ɗaya bayan ɗaya a ajin da ya haura ɗari aiki ne mai cin rai, ga cike takardu, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Kuma tunda malamin da ya koyar shi ne ke gwaji, idan aka fara yi masa hukunci da alƙaluman, ƙofar ƙarin gishiri ta buɗe. Sai takarda ta nuna yara sun iya, yara kuwa suna nan inda suke.

Ta huɗu, tana da iyaka. Matakinta na ƙarshe shi ne karanta ɗan labari da yin rabawa. Ɗan ƙaramar sakandare yana buƙatar abin da ya wuce haka: lissafin ɓangare, aljabara, rubuta insha'i, da fahimtar littafin kimiyya da aka rubuta da Turanci, harshen da zai yi jarrabawar kammala aji uku da shi. Idan ba a shirya masa yadda zai tsallaka daga Hausa zuwa Turanci ba, zai sake maƙalewa. Yaron da harshen gidansu Kanuri ne ko Fulatanci, shi kuma ko Hausar ba lalle ta zo masa da sauƙi ba. Haziƙin da ya riga ya wuce duk matakan, idan ba a tanadar masa littattafai ba, zaman banza zai yi a lokacin.

Ta biyar, ita ce mafi damuwa gare ni. Dabarar an yi ta ne don 'yan aji uku ko huɗu zuwa sama, wato gyara ce bayan ɓarna. Hukuma za ta iya jin daɗin sakamakonta ta manta da aji ɗaya da biyu, inda ɓarnar ke farawa, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga shi yawancin irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin masu ba da tallafi daga waje ake fara su, ranar da suka naɗe tabarmarsu horo da zagaye sukan tsaya.

Inda na tsaya

Da na auna ɓangarorin biyu, fa'idar ta rinjaya, domin barin yaro ya shekara tara yana kallon allo bai gane komai ba ya fi kowace illa da na lissafa muni. Amma sai da sharuɗɗa. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) su sa lokacinta cikin jadawali a hukumance, kuɗinta kuma cikin kasafin jiha. A sake gwada yara duk bayan 'yan makonni, wani daga waje ya riƙa tantance wasu daga cikinsu. A kira rukunoni da sunayen da ba sa muzanta kowa, a ware wa manyan yara nasu zaman. Kwalejojin ilimi su koyar da ita tun kafin malami ya karɓi alli. Sannan a tura ƙwararrun malamai aji ɗaya da biyu, domin yawan masu buƙatar gyara ya riƙa raguwa kowace shekara. Iyaye kuma kada su jira sakamakon ƙarshen zango: su miƙa wa yaro rubutu a gida ya karanta, abin da suka ji su kai wa malaminsa.