Kimiyyar da ke ɗaukewa tare da sabis

Masu cewa "ai komai yana intanet" sun manta da Satumban 2021. A watan ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Dandume da Funtua da Malumfashi, domin yaƙi da 'yan bindiga. Sai a Disamba sabis ya dawo. Malamin kimiyyar da ya jingina darasinsa da YouTube, allo da alli kaɗai suka rage masa a wannan zangon.

Kayan karatun kansu ba su da laifi. Manhajar PhET, wadda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, tana nuna wa ɗalibi yadda lantarki ke gudana a cikin waya, kyauta, kuma ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. Laifin na masu tsarawa ne. Gwamnatin tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a Maris 2022, amma bikin ƙaddamarwa a Abuja ba ya cajin waya a Dandume.

Makarantar ƙauye tana buƙatar kwamfuta da aka riga aka loda wa darussa, da sola, da malamin da aka horar. Ko da an samu waɗannan, da sauran rina a kaba: ranar jarrabawar gwaji ta WAEC, ɗaliba za ta ɗiga sinadari da hannunta har launi ya sauya, kuma kuɗin kwalaben da sinadaran daga kasafin ma'aikatar ilimi za su fito.