A rubuta sunayen wuraren UDUS kafin su ɓace

1/ 'Yan Ɗanfodiyo, ku matso mu yi magana. Jami'armu na buƙatar kundin sunayen wurare guda ɗaya: kowane hol, kowane hostel, kowace unguwa, da sunansa da inda yake a taswira. Ga dalilina 👇

2/ Sunaye iri uku gare mu. Akwai na hukuma: Laburaren Abdullahi Fodiyo, hostel ɗin Jibril Aminu, Nana Asma'u. Akwai na bakin ɗalibai, irin su Bakassi da Benji. Sai na mutanen gari: Dundaye, Kwalkwalawa, Gidan Yunfa, Shama.

3/ Matsalar ita ce babu inda aka haɗa su. Sabon ɗalibi ya hau bas a Dandima, ya sauka makaranta, a ce mai "lakca tana PTF", shi ke nan sai ya yi ta bulayi cikin ranar Sakkwato.

4/ Wannan ma da sauƙi. Ku duba dare: ɗaliba ta faɗi ko maciji ya sari wani, an kira asibiti ko masu tsaro. Mai kira na faɗin sunan ɗalibai, mai ɗauka ya san na hukuma kawai. Mintocin da za a ɓata wurin kwatance rai ne fa.

5/ Ga tarihi kuma. An kafa jami'ar a 1975, ta koma sunan Shehu Usmanu a 1988, amma mutane na zaune suna noma a bakin gulbin Rima tun kafin nan. Dattawan da sunka san asalin sunayen fadamu da gidajen nan suna ƙarewa. In sun tafi, wa za mu tambaya?

6/ Wani zai ce ai akwai Google Maps. To, ba ta san laƙabinmu ba, kuma ba ta faɗin ma'anar suna. Amma OpenStreetMap kyauta ce, kowa na iya saka wuri, har da suna fiye da ɗaya.

7/ Aikin ba wuya: waya mai GPS, 'yan sashen Jogarafi su ɗauki ma'auni, 'yan sashen Harsunan Najeriya su zauna da dattawa su rubuta da ƙ, ɗ, ɓ yadda ake faɗi.

8/ Sharaɗi ɗaya: kada a saka lambar ɗaki ko sunan mai zama ciki, musamman wajen 'yan mata. Wuri muke rubutawa, ba mutum ba.

9/ Mu fara nan. Rubuto sunan wuri ɗaya da ka sani, inda yake, da wanda ya ba ka labarinsa. Tsofaffin ɗalibai, ku ma muna jiranku.