Dala miliyan 40 da tudun Leichhardt

A wannan makon zan ɗauki mai karatu zuwa wata unguwa da ke yammacin tsakiyar birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, inda aka shafe shekaru ana taƙaddama a kan wani tsohon filin wasa. Sunan filin Leichhardt Oval, an buɗe shi tun 1934, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu ashirin. Wasan da ya yi suna da shi shi ne zari-ruga, amma reshen da 'yan wasa goma sha uku ke bugawa a kowane ɓangare, ba na goma sha biyar ba. Wannan reshe ya ɓalle ne a arewacin Ingila a 1895, lokacin da ƙungiyoyin garuruwan masana'antu suka nemi a riƙa biyan ma'aikata ladan ranar aikin da suka rasa saboda wasa, manya suka ƙi. Ya isa Ostareliya a 1908, kuma tun daga wancan lokaci ya zama wasan leburori da unguwanninsu.

A watan Yunin 2024 ne aka bayar da sanarwar cewa za a kashe dalar Ostareliya miliyan 40 wajen gyara filin: gwamnatin tarayya za ta bayar da miliyan 20, gwamnatin jihar New South Wales miliyan 10, ƙaramar hukumar Inner West kuma miliyan 10. Cikin aikin da aka tsara akwai ɗakunan canza kaya da suka dace da 'yan wasa mata, da ƙarin makewayi, da sabuwar rumfar 'yan kallo a gefen arewa. Ina goyon bayan wannan aiki, amma ba don dalilin da aka fi ɗaga murya a kansa ba.

Dalilin da aka fi yayatawa shi ne ƙungiyar Wests Tigers. Ƙungiyar ta samu ne daga haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu, Balmain da Western Suburbs, ta fara wasa a 2000, ta ci kofin gasa a 2005. Leichhardt gidan Balmain ne na gado. A farkon 2024 shugabannin ƙungiyar suka fito fili suka ce idan ba a gyara filin ba za su kwashe kayansu su koma wani wuri. Ba a daɗe ba kuɗi suka fito. Wannan salo ba ya burge ni. Ƙungiyar tana raba wasanninta na gida tsakanin filaye daban-daban, kaɗan ne kawai daga ciki take bugawa a Leichhardt a shekara, kuma a kakar 2022 da 2023 da 2024 ita ce ta ƙarshe a teburin gasa. Da a ce don ita kaɗai za a zuba kuɗin jama'a, da na ce a bar ta ta tafi. Kada kuma a manta cewa a 2024 filin yana cikin mazaɓar Firaminista Anthony Albanese ne. Ban ce wannan ne ya sa tarayya ta ɗauki rabin kuɗin ba, amma wanda ya yi zargin haka bai yi hauka ba.

Masu adawa da aikin suna da hujjar da ta fi wannan nauyi. A 2022 gwamnatin jihar, ƙarƙashin Firimiya Dominic Perrottet, ta janye daga shirin gyara filayen unguwanni, ciki har da Leichhardt, tana cewa mutanen da ambaliya ta raba da gidajensu a wannan shekara sun fi buƙatar kuɗin. Shugaban hukumar wasan, Peter V'landys, ya fusata har ya yi barazanar ɗauke wasan ƙarshe na gasa zuwa jihar Queensland. A wannan rigima na fi ganin gaskiyar gwamnati, domin ba a haɗa wanda ruwa ya ci ɗakinsa da wanda yake neman kujera mai laushi.

Sai dai hujjar tana raunana idan aka dubi inda kuɗin filaye suka tafi a zahiri. Gwamnatin jihar ta rushe babban filin ƙwallo na Moore Park ta sake gina shi a kan dala sama da miliyan 800, aka buɗe shi a 2022, a shekarar ambaliyar kanta. Kafin nan ta gina sabon fili mai kujeru dubu talatin a Parramatta, wanda aka buɗe a 2019. Ta kuma ware sama da miliyan 300 domin filin Penrith. Ashe ba kuɗi ne babu ba. Abin da ake da shi tsari ne na tara wasanni a manyan filaye 'yan kaɗan, masu ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kama haya, a bar ƙananan su mutu a hankali. Idan aka ajiye miliyan 40 kusa da waɗannan alƙaluma, sai ta koma kamar canjin cefane.

Mutuwar a hankali kuwa tana da haɗari na zahiri. A watan Agustan 2022, ana tsakiyar wasan zari-ruga na makarantu a Leichhardt, wani shingen ƙarfe ya karye, 'yan kallon da suka jingina da shi suka rikito ƙasa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Wannan shi ne ainihin dalilina. A ranar babu Wests Tigers a filin, babu manyan taurari, ɗalibai ne da iyayensu. Haka filin yake a mafi yawan ranakun shekara: wasannin makarantu, ƙananan gasanni, ƙwallon ƙafa, da wasannin mata. Gasar mata ta zari-ruga ta ƙasa ta fara a 2018, ita ma Wests Tigers ta shigar da tata ƙungiyar mata a 2023, alhali filin da aka gina shi da tunanin maza kaɗai ne za su taka shi bai tanadar musu wurin da ya dace na sauya tufafi da wanka ba. Duk wanda ya taɓa raka 'yarsa wurin wasa ya ga tana neman lungun da za ta canza riga ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Makewayi da ɗakin canza kaya ba sa jan hankalin 'yan jarida a ranar yanke kirtani, amma su ne ke sa iyali su dawo mako mai zuwa.

Akwai kuma abin da nake tsoro, wato garin neman gira a rasa ido. Abin da ya bambanta Leichhardt da sauran filaye shi ne tudun ciyawa da ke gefensa na gabas, wanda aka raɗa wa sunan Wayne Pearce, tsohon gwarzon Balmain. A nan ne mutane ke zama a ƙasa ko su tsaya kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin tsohon allon maki, yara suna gangarawa a guje, babu lambar kujera, babu mai tambayar matsayin kowa. Saboda wannan tudu ne masoyan filin ke kiransa, cikin raha, abin al'ajabi na takwas a duniya. An yi alƙawarin barinsa yadda yake, kuma ina fatan a cika. Amma gyara yana da tasa ɗabi'ar: sabuwar rumfa tana zuwa da kuɗin kula da ita, kuɗin kula yana neman ƙarin farashin tikiti, daga nan sai a wayi gari tudun yana nan amma waɗanda suka saba hawansa ba sa iya biyan kuɗin shiga.

Saboda haka abu biyu zan zuba wa ido. Na farko, ƙaramar hukumar Inner West, wadda ita ce mai filin, ta ɗaure Wests Tigers da hukumar gasa a rubuce kan yawan wasannin da za su riƙa bugawa a can na tsawon shekaru, domin wanda ya yi barazanar tafiya sau ɗaya ya ga ta yi masa aiki ba zai ji kunyar maimaitawa ba. Na biyu, kuɗin da makaranta ko ƙaramar ƙungiyar mata za ta biya ta kama filin bayan an gama aiki, da abin da uba mai 'ya'ya uku zai kashe a bakin ƙofa kafin su hau tudun ranar Lahadi da yamma.