Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata, mutane da yawa za su gan shi ƙarami. Kwanakin baya, a wata rumfar mai shayi da ke yankin Kura, mun tarar da waɗansu matasa da suka taso daga gonar tumatir, taɓo bai ko bushe a ƙafafunsu ba, sun haɗa kawunansu a kan wayar ɗayansu. Abin da suke kallo shi ne waɗansu 'yan wasan kwaikwayon Amurka guda biyu suna kurɓar wata barasa da suka ce mallakarsu ce, suna lumshe ido suna yabon ƙamshinta. Nan take gardama ta kaure a rumfar: shin ta waɗannan ce ta fi daɗi da inganci, ko kuwa ta wani tauraron? Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin kwalbar da idonsa, balle ya ɗanɗana. Amma kuma babu ko ɗaya da ya nemi tsarin Allah. Tambayar da ta kamata, wato halal ce ko haram, amfani gare ta ko cuta, an riga an kawar da ita, an dasa wata a gurbinta: wacce ta fi daɗi? To, wannan sauyin tambaya shi ne dukkan abin da mai talla yake nema, kuma shi ne muka ƙudurta mu tona asirinsa.

Mene ne meskal, kuma na wa?

Sunan barasar meskal. A ƙasar Meziko ake yin ta, mafi yawanta a jihar Oaxaca da ke kudancin ƙasar, daga wani tsiro da ake kira agabe, mai kaurin ganye da ƙaya, wanda gindinsa ya yi kama da ƙatuwar abarba. Sukan sare ganyen, su binne gindin a rami a kan duwatsun da aka ƙona da itace, ya kwana da kwanaki yana gasuwa, sannan a niƙe shi da dutse, a jiƙa ya ruɓa, a tace tururinsa sau biyu. Ƙaurin hayaƙin ramin nan shi ne abin da masu yabonta suke kira ɗanɗano na musamman. Dokar Meziko ta yarda sinadarin da ke bugarwa a cikinta ya kasance daga kashi 35 zuwa 55 cikin 100, alhali giyar kwalba da aka sani ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 7 ba.

Su kuwa mutanen nan biyu na cikin waya, Bryan Cranston ne da Aaron Paul, waɗanda suka fito da barasarsu mai suna Dos Hombres a shekarar 2019. Masu tallarta suna cewa ana jin alamar tufa da mangwaro da itace da hayaƙi a cikinta. Abin mamaki, da me waɗannan mutane suka yi suna a duniya? Da wani dogon wasan talabijin ne mai suna Breaking Bad, daga 2008 zuwa 2013, inda suka fito a matsayin malamin makaranta da tsohon ɗalibinsa masu dafa muguwar ƙwaya suna sayarwa, har sana'ar ta rushe iyalansu. Sun nuna wa duniya ƙarshen mai fataucin maye a wasa, sannan suka ɗauki sunan da wasan ya ba su suka shiga fataucin maye da gaske. Gani ga wane, aka ce, ya ishi wane tsoron Allah, amma su bai ishe su ba.

Ba su ne farau ba. George Clooney da abokansa biyu sun kafa Casamigos a 2013, da farko da tekila, wadda ita ma daga agabe ake yin ta. A 2017 kamfanin Diageo na Ingila ya saye ta a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 1: miliyan 700 a hannu, miliyan 300 kuma gwargwadon yadda ciniki ya tafi. A 2018 aka ƙara meskal a ƙarƙashin wannan suna. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikin shekara huɗu, wane ɗanɗano ne ya kai dala biliyan guda? Clooney bai shuka agabe ba, bai haƙa rami ba, bai kwana gaban wuta ba. Fuskarsa aka saya, domin fuskar ce take sa mutum ya daina tunani ya miƙa hannu.

Abin da ba a nunawa a talla

Manomin Kura da Bunkure da Garun Malam ya fi kowa cancantar fahimtar ɓangaren da aka ɓoye, domin ya san ƙasa, ya san ruwa, ya san kasuwa. Shinkafarka wata uku zuwa huɗu ka girbe. Agaben da aka fi amfani da shi yakan ɗauki shekara shida zuwa takwas kafin ya nuna, na daji kuwa wani yakan haura shekara goma sha biyar, kuma sara ɗaya ake yi masa, shi ke nan ya mutu. Da attajiran Amurka da Turai suka buɗe baki, meskal ɗin da ake yi a Meziko ya tashi daga ƙasa da lita miliyan 1 a 2011 zuwa sama da lita miliyan 14 a 2022. Daga ina agaben zai fito? Aka sare dazuzzukan kan tuddai aka mai da su gonakinsa, aka tsince na daji tun bai yi fure ya zubar da iri ba, aka sare itatuwa domin hura ramuka, ragowar ruwan tatar mai tsami kuma ya riƙa kwarara cikin rafukan da mutane da dabbobi suke sha. Gonakin da suka saba ba da masara da wake suka koma ba da abin zubawa a kwalba.

Sannan kasuwa ta yi halinta. Agaben tekila da ya kai wajen peso 30 kowane kilo a shekarun 2021 da 2022, ya faɗo ƙasa da peso 5 a 2024, saboda kowa ya ruga ya shuka, kaya suka yi yawa. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya cika kasuwa, ya ga kwando ya kasa biyan kuɗin motar da ta kawo shi, ya san wannan ciwo. Bambancin kawai shi ne, manomin tumatir wata uku ya yi asara, manomin agabe kuwa shekara bakwai. Shi tauraro fa? Ko sisi bai ragu a aljihunsa ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kuma mai sha, me ya samu? Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo wannan cuta. A 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutarwa, a 2024 kuma ta ba da rahoton cewa mutum miliyan 2.6 ne barasa ta yi sanadin mutuwarsu a shekarar 2019 kaɗai. Hanta ba ta san sunan tauraro ba, ba ta kuma bambanta mai ƙamshin mangwaro da burkutun bayan gari. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun yanke hukuncin giya fiye da ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, ba su ware mai tsada daga mai araha ba.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, Malam, ina Meziko ina Bunkure? Wa zai sayi kwalbar da ta haura dala 50 a cikinmu? Gaskiya ne, ba za a saya ba. Amma hannun da ya ɗaga waccan kwalba ya daɗe a cikin gidanmu. Shi wannan Diageo da ya sayi Casamigos, shi ne ya riƙe mafi yawan hannun jarin Guinness Nigeria har zuwa 2024, lokacin da ya sayar wa Tolaram kashi 58 cikin 100, ya kuma ci gaba da mallakar sunan giyar. A wannan shekarar ce Guinness ta zama giyar da ke ɗaukar nauyin gasar Firimiya ta Ingila, wadda 'ya'yanmu suke biyan kuɗi su kalla a kowane gidan kallo daga Kura har Rano. A nan gida ma, mawaƙi Davido ya zama jakadan barasar Martell a 2021. Dabarar guda ce: a nemo wanda matasa suke ƙauna, a ɗora masa kwalba a hannu, a bar sauran aikin ga zuciya. Yaron da ya saba ganin maye a hannun gwaninsa, ranar da aka miƙo masa wanda aljihunsa zai iya, ba zai ji tsoro ba.

Wanda aljihunsa zai iya kuwa mun san shi. A watan Afrilun 2018 BBC ta nuna wa duniya yadda maganin tari mai kodin ya cinye matasa, har da na Kano, washegari gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, sama da miliyan 1 daga cikinsu a Jihar Kano. Ba sai mun je birni ba. Wa bai san ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar tiramol da asuba domin ya yi aikin mutum biyu a fadamar shinkafa ba? Wa bai san mai gonar da ya gani ya kau da kai, saboda aikinsa yana sauri ba? Hukumar Hisba ta farfasa kwalaben giya 240,000 a Kano a 2013, ta kuma maimaita irin wannan sau da dama bayan nan, Allah Ya saka mata. Sai dai fasa kwalba ba ya fasa sha'awar da aka riga aka shuka a zuciya.

Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi manomi kai tsaye. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giyar ƙasar nan suka juya ga dawa da masara, dawar kuwa a Arewa ake noma ta. Kada a yi mana mummunar fahimta: wanda ya kai dawarsa Dawanau ya sayar a buɗaɗɗiyar kasuwa, bai san inda za ta ba, babu laifi a kansa. Amma wanda wakili ya zo masa da iri da taki da takardar yarjejeniya, ya kuma san cewa tukunyar giya za ta, to ya sani malaman fiƙihu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi ya yi giya, dawa kuwa ba ta fita daga wannan hukunci ba. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Anas (RA) bai tsaya kan mai sha ba, mutum goma ya haɗa a cikin la'ana, har da mai matsewa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Wanda ya ara mata fuskarsa domin ta sayu, ya duba a wane sahu yake.

Abin da ya rage gare mu

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta yana gangarowa ta magudanai har gonakinmu ba tare da inji ba, muna noma rani da damina: alkama, shinkafa, tumatir, albasa, masara. Wannan ni'ima amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta. Mutanen Oaxaca ma manoman abinci ne kafin a zo musu da kuɗi da alkawari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga manoma da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, duk wanda ya zo da yarjejeniyar noma, a tambaye shi ƙarara ina amfanin zai tafi, in ya ƙi faɗa a sallame shi. Muna kira ga masu gonaki su daina ɗora wa ɗan ƙwadago aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, su biya shi hakkinsa cikakke a kan lokaci. Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya su san abin da ke cikin wayoyin ɗalibansu, su yi musu bayaninsa da hujja da sanin yadda kasuwar take, domin tsawa kaɗai ba ta kayar da talla. Wanda ya riga ya faɗa kuwa, a jawo shi a jiki, a kai shi asibiti, kada a kore shi zuwa ga waɗanda suka ɓata shi. Muna kuma tunatar da taurarinmu na fina-finan Hausa da mawaƙa cewa ƙaunar da jama'a take yi musu ita ma amana ce. Duk abin da suka ɗaga a gaban kyamara, yara dubbai sun ɗaga shi tare da su.

Ku kuma matasanmu na rumfar mai shayi, ga amsar gardamarku. Ingancin kaya ana auna shi ne da abin da ya bar wa wanda ya noma shi, da ƙasar da ta fitar da shi, da cikin da ya karɓe shi. Ku ɗora kwalbar taurarin nan a kan wannan ma'auni, ku ɗora buhun shinkafar da kuka noma da hannunku a ɗaya gefen, sannan ku faɗa mana wanda ya rinjaya.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya sanya albarka a gonakinmu da ruwanmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.