Magana a kan harshen da za a karantar da yara da shi

 

Ya ku 'yan'uwa, ku sani a shekarar 2022 hukumar Nijeriya ta yanke a karantar da yara da harshen uwayensu har aji shida na firamare. Ba a kai ga buga littattafai ba, balle a horar da malamai, sai a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya ce an soke, Turanci kaɗai tun daga farko. Hujjarsa, wai yara suna faɗuwa jarrabawa. Ni kuwa na ce ba a ɗora wa doki laifin tuntuɓe alhali ba a fito da shi daga barga ba.

Na ga abin da idona. Wani yaron maƙwabcina a Unguwar Shanu, ɗan aji uku, ya karanta mini shafi guda na Turanci da murya mai daɗi. Na ce masa, to, me aka ce? Ya sunkuyar da kai. Wannan yaro kuwa in ka aike shi kasuwar Kawo, ba mai cutarsa ko da naira ɗaya. Ashe ba basira ya rasa ba, ƙofar ce aka kulle masa.

Shin mun manta yadda muka yi karatu a zaure? Malam ya ɗauko Ahalari ko Ishmawi, ya karanta Larabci, ya fassara kalma kalma da Hausa, har almajiri ya san hukuncin alwala, kuma ya san Larabcin. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u sun fi mu Larabci nesa, amma da suka nufi talakawa da mata sai suka yi musu waƙe da Fillanci da Hausa. Ko Nasara, da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa ya fara. A Ife ma, tun daga 1970, Malam Fafunwa ya karantar da yara shekara shida da Yarbanci, suka fito ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Akwai mai cewa Kaduna ba Kano ba ce. Gaskiyarsa. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, ga Bajju, ga Atyap, ga Yarbawa da Nufawa da Ibo, kowa da harshensa, kuma zalunci ne a tilasta wa ɗan wani Hausa a ce harshen uwarsa ne. Amma Turancin ma ba na uwar kowa ba ne a cikinmu. Kuma wa zai karantar da shi? A 2017 an yi wa malaman firamare na jihar nan jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi.

Abin da nake roƙo shi ne a bar kowace makaranta ta tara iyaye a tambaye su. Inda yara suke wasa da Hausa, kamar Badarawa da Unguwar Kanawa, a koya musu karatu da lissafi da ita shekara uku ko huɗu, Turanci yana darasi kullum tun ranar farko. Inda Gbagyi ya fi yawa, a nemo malami Bagwari, a biya shi. Mu kuma masu Islamiyyu, ba wanda ya ɗaure mana hannu, sai mu fara a namu azuzuwan.