Madubi da Fitila Sun Isa Mu Fara

Jama'a, akwai wata magana da na ke ji a bakin 'yan'uwanmu masu koyon aikin malanta, wai ilmin kwantam, watau ilmin halayen ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra, sai ƙasashen da su ke da injuna na miliyoyin kuɗi. Ni dai ban yarda ba.

Ga dalilina. Lissafin kwantam, babban ƙarfinsa karon igiyoyi ne. Jefa tsakuwa biyu a tafki ka gani. Inda tudun wannan igiyar ruwa ya gamu da tudun waccan, sai ruwa ya ƙara tashi. Inda tudu ya gamu da kwari, sai ya kwanta lum. Haske ma haka ya ke yi. Dabarar da Lov Grover ya fito da ita a 1996, ta tsamo abu guda daga cikin tari, a kan wannan ta ke tafiya: amsoshin banza su kashe juna, ta gaskiya kuwa ta yi ta ƙara ƙarfi. A 2002 waɗansu masana a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka gwada ta da hasken lesa da gilasai da madubai kurum, suka tsamo abu ɗaya daga cikin 32.

To, mu me ya hana mu somawa? A sami fitilar lesa irin ta nuni a allo, a gitta gashin kai ɗaya a bakinta, a haska bango cikin ɗaki mai duhu. Sai ka ga zane-zane, haske da duhu, jere reras. Karon igiyoyi ke nan ido da ido. Ina ganin bai kamata wani ya fita gwajin koyarwa bai taɓa yin wannan da hannunsa ba. In an kakare wajen lissafin, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa tana nan Sheda, ba nisa daga Zuba.

Amma fa kada mu ruɗi yara mu ce musu mun ƙera kwamfutar kwantam. Ma'aunin labari a wannan kwamfuta ana ce da shi kubit, in kuwa da hasken fitila za a kwaikwaye shi, duk kubit ɗaya da aka ƙara sai an ninka hanyoyin haske biyu. Kubit 10 hanya 1,024 ke nan, kubit 20 kuwa sun haura miliyan. Wane tebur zai ɗauki madubansu?