Bidiyo a waya, lissafi a buhun shinkafa

Yau zancenmu a kan lissafi ne, darasin da yara da yawa suke gudu, alhali duk mai son karatun likita, jinya, injiniya ko aikin gona a jami'a sai ya samu kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO. Wayar da ke hannunki za ta iya zame wa yaronki malami na biyu, domin akwai bidiyoyin koyar da lissafi kyauta birjik a YouTube. Sai dai kallo kaɗai ba ya zaunar da lissafi a ka. Abin da ke zaunar da shi shi ne yaro ya ɗauki abin da ya gani ya gwada da lambobin da ya sani. Ku kuwa iyaye na yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, Allah ya hore muku irin waɗannan lambobi a cikin gida.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, ruwa yake bin hanyoyinsa zuwa gonakin wannan yanki, ana noman rani da damina: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara. Kusan kowane gida yana da hannu a ciki. Maigida yana lissafin taki da kuɗin leburori, uwargida tana sayen shanshera ta yi gumi, a kai inji, ta auna ta sayar. Duk wannan lissafi ne, kuma wani ɓangarensa shi ne abin da ake kira ƙididdiga, wato tara lambobi a tsara su don a gane abin da suke faɗa. Tun a firamare ake fara koya wa yara shi.

Ga misali. A ce kin yi gumin buhu biyar na shanshera, bayan an casa kika samu tiya 24, 25, 23, 26, sai na ƙarshe da ya yi ƙaiƙayi da yawa ya ba da 12 kacal. Idan aka haɗa su aka raba biyar, za a samu 22. Wannan shi ne matsakaici. Amma idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba, 12, 23, 24, 25, 26, wanda ya zauna a tsakiya shi ne 24. Wanne ne ya fi nuna miki abin da buhu yake bayarwa a yawancin lokaci? Na tsakiyar, domin buhu ɗaya mara kyau ne ya ja matsakaicin ƙasa. Amma in kina son sanin ribarki gaba ɗaya, matsakaicin za ki duba, tunda shi ma mara kyaun kuɗi kika sa kika saya. Yaron da ya gane wannan bambanci a tsakar gida, ba zai rikice ba idan ya gamu da shi a takardar jarrabawa.

Haka farashin tumatir. Kowa ya san yadda kwando yake faɗuwa a kasuwar Kwanar Gafan idan kaka ta kama, ya kuma yi tashin gwauron zabi da damina. A 2016, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonaki, farashi ya kai inda ba a saba gani ba. Duk wanda ya zuba irin wannan shekara cikin lissafinsa ba tare da lura ba, zai yi tsammanin ribar da babu ita. Ki sa yaro ya riƙa tambayar babansa ko yayansa kuɗin kwando duk ranar Juma'a, ya rubuta, bayan wata biyu ya zana jadawali. Da idonsa zai ga makon da ya fi dacewa a sayar da ɗanye da wanda gara a yanka a shanya kauɗa. Irin wannan aiki ne masu bincike suke yi a tashar binciken noman rani ta Kadawa, ta Jami'ar Ahmadu Bello, idan suna gwada iri da iri.

To ina bidiyo ya shigo? Amfaninsa shi ne haƙuri. Malami mai ɗalibai cike da aji ba zai iya maimaita bayani sau biyar saboda yaro ɗaya ba, bidiyo kuwa ko sau goma aka mayar da shi ba ya gajiya, ba ya tsawa. Haka Khan Academy ta samo asali a Amurka: wani mai suna Salman Khan ya fara koya wa 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, a 2006 ya fara ɗora gajerun darussa a YouTube, yau ɗalibai a duniya suna amfani da su kyauta. Akwai kuma malamai 'yan Najeriya da suke warware tsofaffin tambayoyin WAEC, wasu ma da Hausa suke bayani.

Ga yadda za ki tsara abin, ko da ke ba ki yi nisa a boko ba:

Na farko, kan darasin ya fito daga littafin makaranta. Yaro ya kwafo sunan abin da aka koya musu a wannan mako, shi za a nema. Kada a bar shi yana yawo daga wannan bidiyo zuwa wancan.

Na biyu, bidiyo ɗaya ya isa a zama ɗaya, na minti goma ko ƙasa da haka. Ki sauke shi lokacin da sabis ya yi kyau, sannan ki kashe data kafin ki miƙa wayar. Kin tsira da kuɗinki, kin kuma rufe ƙofar TikTok. Maƙwabta ma za su iya karɓa ta Xender.

Na uku, ba a kallo sai da biro da takarda. Da malamin ya rubuta tambaya, yaro ya tsayar da bidiyon ya gwada da kansa, sannan ya saki ya ga ko ya dace. In Turancin ya yi masa sauri, YouTube yana da wurin rage gudun magana.

Na huɗu, wanda ya fi duka: bayan an gama, ya yi miki bayani da Hausa, da buhunki ko kwandon babansa. In ya iya fahimtar da ke, ya gane. In ya tsaya kame-kame, a sake kallo, in ya ci tura ya kai wa malaminsa gobe. Bidiyo ba ya duba aiki, ba ya kuma sanin inda yaro ya yi tuntuɓe, wannan aikin malami ne.

Kada a bar 'yan mata a baya. Yarinyar da take tsaye kusa da ke kina awo, tana ba da canji ba kuskure, ta riga ta iya lissafi, sunayensa na boko ne suka rage mata. A ba ta nata lokacin da wayar kamar yadda ake ba ɗan'uwanta.

Ki fara a wannan makon da buhu biyar ɗin da kika casa na ƙarshe, ko cinikin kwana bakwai na sana'arki. Amfanin ilimi aiki da shi. Wadda ta gwada ta faɗa mana yadda ta kaya. Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya sa albarka a noman bana.